Uwar Da Aka Ce Ba Ta Yi Kuka Ba

'Yan uwana mata, akwai wani fim da ya fito a shekarar 1988 mai suna A Cry in the Dark, wanda Fred Schepisi ya ba da umarni, Meryl Streep kuma ta fito a matsayin uwar. Labarin gaskiya ne, ba ƙirƙira ba.

Ranar 17 ga Agusta, 1980, wata mata mai suna Lindy Chamberlain da maigidanta Michael, wanda fasto ne, sun yada zango kusa da dutsen Uluru a ƙasar Ostareliya. Da dare jaririyarsu Azaria, 'yar mako tara, ta ɓace daga cikin tanti. Uwar ta ce karen dajin nan da suke kira dingo ne ya ɗauke ta. Ba a taɓa ganin gawar ba. A 1982 kotu a birnin Darwin ta ce ita ta kashe 'yarta, ta yanke mata ɗaurin rai da rai, alhali tana ɗauke da tsohon ciki.

Abin da ya fi burge ni a fim ɗin shi ne ba su yi wa Lindy kwalliya ba. Sun nuna ta mace mai taurin rai, ga kaifin baki, ba ta rusa kuka a gaban 'yan jarida. Ke kanki mai kallo sai ki ji zuciyarki tana cewa, anya kuwa? To nan fa fim ɗin ya kama ki. Ai da wannan "anya" ɗin aka ɗaure ta. Jifa-jifa sai a yanke labarin a nuno mutanen gari, wasu a wajen cin abinci, wasu a mashaya, kowa yana yanke nasa hukuncin tun alƙali bai zauna ba. Har aka baza cewa wai sunan Azaria na nufin hadaya a daji, kuma ƙarya ce tsagwaronta. Mu nan idan aka yi wa mace rasuwa ta daure, cewa muke ta yi tawakkali. Ita kuwa baiwar Allah dauriyarta ce ta zame mata shaidar laifi.

Sai batun jini. Masana sun rantse a kotu cewa sun ga jinin jariri a cikin motarsu. Daga baya aka gano wanda ke ƙarƙashin gaban motar wani sinadari ne da kamfani ke fesawa don rage ƙara.

Inda fim ɗin ya gaza a ganina, ya daɗe a zauren kotu amma ya bi ta kan zaman kurkuku da sauri. Macen da ta haihu tana tsare, aka raba ta da jaririyarta, ta yi sama da shekara uku a ɗaure, haba, ai wannan ya fi ƙarfin 'yan mintuna. An sake ta a 1986 bayan an tsinci 'yar rigar sanyin Azaria kusa da ramin dingo, rigar da masu ƙara suka ce babu ita. A 1988 aka soke hukuncin.

Nan fim ya tsaya, amma wahalar ba ta tsaya ba. Aurensu ya mutu a 1991. Sai a watan Yunin 2012, shekara 32 bayan wancan dare, hukuma ta tabbatar a rubuce cewa dingo ne ya kashe Azaria.