Mai Gurmi Ba Ya Neman 'Yan Amshi

Hukunci biyu ake yanke wa gurmi a ƙasar Maraɗi, kuma duka biyun da gaggawa aka yanke su. Wasu na cewa duk abin da aka ɗaura wa tsirkiya kayan 'yan bori ne. Samarin da suka ji jitar Bombino kuma na cewa gurmi kayan ƙauye ne, tsirkiya biyu ina za ta kai mutum? Na farko sun haɗa hancin abubuwan da ba ɗaya ba. Daga Tasawa har Mayahi an san goge da garaya ke kiran iskoki, gurmi kuwa an fi saninsa a fagen kokowa da dandali. Na biyun ba su tsaya sun saurara ba ne.

Ƙirar gurmi ba ta da yawa: ɓarin ƙwarya, fatar guza, sanda, tsirkiya biyu ko uku. Haruna Uji na Haɗeja ya shigar da shi gidajen rediyon Najeriya. Malam Mamman Barka, haifaffen Tasker kuma malamin makaranta, ya yi suna da shi a Nijar kafin ya koma kan biram, ya rasu a Yamai a 2018. Ɗan'uwansu a wannan sana'a shi ne Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu a 2015, da kuntiginsa na gwangwani mai tsirkiya ɗaya tak.

Abin da ya fi kama ni a hannun gwanin gurmi shi ne rabon aiki tsakanin tsirkiyoyin. Ɗaya tana riƙe da murya guda, ba ta hawa ba ta sauka, ita ce ƙasan da waƙar ke takawa. Ɗayar ita ke bin bakin mawaƙi. Sai ya ja baiti, ya zo gab da ƙarshe ya yi shiru, yatsa ya ƙarasa masa. Da yake Hausa harshe ne mai karin sauti, hawa da saukar tsirkiyar kan bi hawa da saukar kalmar da aka riƙe, mai sauraro ya ji ta sarai alhali ba a furta ba. Nan habaici ke samun mafaka. Wanda aka yi dominsa ya gane, jama'a sun gane, amma ba mai iya kafa shaida cewa an faɗa. A tsakanin haka yatsa kan ƙwanƙwasa fatar, ya ba da bugun da ganga za ta bayar. Mutum ɗaya ke nan ya zama mawaƙi, ya zama makaɗi, ya zama ɗan amshin kansa. Gwani kuma ba ya cika wannan shirun da ado. Wanda ya cika shi da gudun yatsa yana nuna hannu ne, waƙar ta riga ta kuɓuce masa.

Wannan dabara tana da dangi a ƙetaren teku. Blind Willie Johnson, makaho ɗan jihar Tekzas a Amurka, ya yi wa'azi da jita a bakin titi, ya ɗauki waƙoƙi 30 a faifai tsakanin 1927 da 1930. Yakan zame ƙarfe a kan tsirkiya har ta yi kukan mutum, ya bar mata rabin baiti ta ƙarasa. Waƙoƙinsa na coci ne, hannunsa na buluz, kiɗan da malaman cocin zamaninsa da yawa ke kira na Shaiɗan. Ya mutu cikin talauci a 1945, sannan a 1977 aka sa waƙarsa cikin faifan da kumbon Voyager ya tafi da shi sararin samaniya. Gerhard Kubik, a littafinsa na 1999 kan Afirka da buluz, ya nuna cewa salon buluz na mawaƙi ɗaya da tsirkiyarsa ya fi kama da na yankinmu na Sudan, har da ƙasar Hausa, fiye da gangunan bakin teku. Ban kawo wannan don gurmi ya ari daraja daga Amurka ba. Na kawo shi don a ga cewa zargin da ake masa tsoho ne, an yi wa wasu irinsa.

Ni a ganina, amshin tsirkiya shi ne tushen 'yancin irin wannan mawaƙi. Makaɗin fada yana tafe da tawaga, tawaga na bukatar ci da sutura, don haka dole sai da ubangida, kuma bakin da ubangida ke ciyarwa ba ya faɗin komai. Mai gurmi ya rataya abinsa a kafaɗa ya wuce kasuwar gaba. Shi ya sa Ɗan Maraya ya iya tsayawa kan karen mota da ire-irensa, mutanen da ba su da dokin ba shi. Gargaɗi kan zalunci da cin amana da auren dole ya fi fitowa daga bakin masu tsirkiya fiye da masu tambari.

Tsofaffin masu gurmi na ƙauyukan Gulbin Kaba suna ƙarewa, yaransu sun koma kan fiyano da kwamfuta. Ina kira ga gidajen rediyon Tasawa da Mayahi su je su ɗauko su tun suna da rai, su ajiye makirfo kusa da ƙwaryar, kada su ɗora musu wani kiɗa a kai.