3.4 Jigon Zalunci a Tarihihin Fatalwar Anne Boleyn

Daga cikin labaran fatalwa da ake dangantawa da Hasumiyar Landan, wato tsohon gidan tsaron sarakunan Ingila da aka soma ginawa wajen 1078, babu wanda ya kai na Anne Boleyn shahara. Ita ce matar Sarki Henry na Takwas ta biyu. An tuhume ta da zina da cin amanar sarki, aka fille mata kai da takobi a harabar gidan ranar 19 ga Mayu, 1536. Akasarin masana tarihi sun tafi a kan cewa ƙage aka yi mata.

A nan tarihi ya tsaya, tarihihi ya ɗora. Ana cewa takan fito da dare ba kai, tana kewaya cocin da aka binne ta. Akwai ƙaulin da ke cewa a 1864 wani soja mai gadi ya kai wa wata farar halitta suka da wuƙar bindiga, sai ya faɗi sumamme. Aka gurfanar da shi bisa zargin barci a bakin aiki, amma wasu suka ba da shaidar sun ga abin da ya gani, aka sallame shi. Idan aka lura da zubin wannan ƙauli, za a ga shari'a biyu ce aka jera. A ta farko shaidar zur ta kashe sarauniya, a ta biyu kuwa shaida ta kuɓutar da talaka. Wato ke nan babban jigon ba ban tsoro ba ne. Jama'a ce ke sake zaman shari'ar da fada ta riga ta rufe, fatalwar kuma ita ce mai ƙara.

Sai dai tarihihin yana da rauni. Tausayinsa na 'yan sarauta ne. A wannan gida aka harbe sojoji 3 na rundunar Black Watch a 1743, haka kuma a nan aka harbe Josef Jakobs, ɗan leƙen asirin Jamus, a 1941, amma ba su sami irin wannan gurbi a bakin masu ba da labari ba. Bugu da ƙari, ana cewa fatalwar Anne tana bayyana a gidan Blickling da na Hever, inda danginta suka zauna. Ashe suna labarin yake bi, ba wurin da jini ya zuba ba.

A 1934 kuwa Stanley Holloway ya rera wata waƙar barkwanci a kanta. A cikin waƙar mai ƙarar ta koma abar dariya, kuma wannan siffa ta mace riƙe da kanta a hammata ita ce ta fi zama a zukatan masu yawon buɗe ido.