Turɓaya da Siffar Allah: Asalin Mutum a Koyarwar Kirista

Sau uku kacal littafin Farawa ya ambaci cewa an yi mutum cikin siffar Allah. Na farko a sura ta 1, aya 26 da 27, cikin labarin halitta. Na biyu a farkon sura ta 5, wajen jera zuriyar Adamu. Na uku a sura ta 9, aya 6, bayan ruwan tufana, inda aka haramta zub da jinin mutum. A duk wuraren nan babu inda aka tsaya aka fayyace mece ce siffar. Ba a ce hankali ba ne, ba a ce baiwar magana ba ce, ba a ce tsayuwa a kan ƙafa biyu ba ce. An faɗi maganar, an wuce. Amma a kan waɗannan 'yan ayoyi Kiristoci suka ɗora kusan duk abin da suke faɗa game da darajar ɗan Adam, tun daga malaman Iskandariya na dā har zuwa mai bisharar ƙauye da ke wa'azi da Littafi Mai Tsarki na Hausa, wanda aka fara buga shi cikakke a 1932. A ganina shirun da nassin ya yi shi ne ƙarfin wannan koyarwa, kuma yawancin ɓarnar da aka yi a ƙarƙashinta ta faro ne daga ranar da wani malami ya ga ya kamata ya cike gurbin da aka bari.

A ƙasar Hausa dole a fara kawar da wani tuntuɓe. Maƙwabci Musulmi da ya tashi da aƙidar cewa babu abin da ya yi kama da Allah, in ya ji an ce "siffar Allah" sai gabansa ya faɗi. Ikilisiya ba ta koyar da cewa Allah yana da hanci ko yatsu ba. Dokoki Goma sun hana sassaƙa gunki, Bisharar Yohanna kuma a sura ta 4 ta bayyana Allah a matsayin Ruhu. A shekara ta 399 wasu masu zuhudu a hamadar Masar sun ɗauki maganar bisa zahirinta har suka tayar da rigima da bishop na Iskandariya, amma fahimtarsu ba ta zama koyarwar ikilisiya ba. Musulunci yana da nasa harshen, na halifanci a bayan ƙasa da karrama 'ya'yan Adamu. Aƙidun biyu ba ɗaya ba ne, kuma rashin ladabi ne ga kowane ɓangare a murɗe su don su zama ɗaya.

Wanda yake so ya ji nauyin ayar, sai ya duba duniyar da aka fara karanta ta a cikinta. A Masar, Fir'auna ake kira siffar abin bauta. A wasiƙun fadar Assuriya ma sarki ake yi wa wannan kirari. Sarakunan lokacin sukan kafa mutum-mutuminsu a garuruwan da ke ƙarƙashinsu, don duk wanda ya gani ya san ƙasar da mai ita. A 1979 aka tono irin wannan mutum-mutumi a Tell Fekheriye, arewa maso gabashin Siriya: wani mai mulki na ƙarni na 9 kafin haihuwar Almasihu, an sassaƙa shi da baƙin dutse, yana tsaye hannuwa a harɗe, an zana rubutu cikin harsuna biyu a jikin zanen da ya ɗaura. Rubutun ya kira wannan dutse siffar mai mulkin da kamanninsa, wato kalmomi biyun da ke Farawa 1:26. Talaka fa? Tsohon labarin Babila mai suna Atrahasis ya ce ƙananan alloli ne suka gaji da haƙar magudanan ruwa, suka yi bore suka ƙona kayan aikinsu, sai aka cuɗa yumɓu da jinin wani allan da aka yanka aka ƙera mutane don su ɗauki kwandon wahala. A wannan duniya littafin Farawa ya cire rawani daga kan sarki ya naɗa wa kowa, ya kuma ambaci namiji da mace a cikin aya guda. Babu sharaɗin dangi, babu na dukiya, babu na lafiyar jiki.

Sura ta 2 ta zo da ɗaya gefen: an gina mutum da turɓayar ƙasa, an hura masa numfashin rai, an ajiye shi a gona ya noma ta ya kuma kiyaye ta. A 1967 masanin tarihi Lynn White ya zargi umarnin mallakar duniya da ke sura ta 1 da share fagen lalata muhalli. Zargin ya kama Kiristocin da suka karanta sura ta 1 suka rufe littafin kafin su kai ga gonar.

Tun da nassi bai fayyace siffar ba, malaman tauhidi suka shiga nema. Agustin, bishop na Hippo (garin Annaba a Aljeriya ta yau), wanda ya rasu a 430, ya same ta a cikin ran mutum: tunawa, da fahimta, da nufi, abubuwa uku a rai guda, inuwar Triniti. Toma Akwinas a ƙarni na 13 ya kafa ta a kan hankali. Tunani ne mai zurfi, ba kuma don su cuci wani suka yi shi ba. Sai dai da zarar an ce siffar tana cikin wata baiwa da ake iya aunawa, an buɗe ƙofar cewa wani ya fi wani samu. Agustin da kansa ya rubuta cewa mace tare da mijinta siffar Allah ce, amma in an dube ta ita kaɗai a matsayin mataimakiya ba haka ba, alhali namiji shi kaɗai ya wadatar. Kundin dokokin ikilisiya na Giratiyan, wajen 1140, ya ɗauko wani tsohon ra'ayi da ya fito fili ya ce ba a yi mace cikin siffar Allah ba. Sun jingina da 1 Korantiyawa 11:7, suka bar Farawa 1:27 a baya, ayar da ta riga ta yanke hukunci.

Matsalar ba ta tarihi kaɗai ba ce. Akwai uwar da ke zuwa sujada da ɗanta goye a baya, ya kai shekara bakwai bai taɓa zama da kansa ba, ba ya magana, tana goge masa miyau da haɓar zaninta har a tashi. In siffar Allah ita ce kaifin hankali, me fasto zai gaya mata? Haka tsohuwar da ta rikice har ba ta gane jikokinta. Farawa 5:3 ta ce Adamu ya haifi Shitu cikin kamanninsa da siffarsa, wato abu ne da ake haifar mutum da shi, ba matsayin da yake kai wa da ƙoƙarinsa ba. Wannan yaro yana da ita cif, daidai da bishop.

An kuma yi jayayya a kan ko zunubi ya shafe siffar. Martin Luta ya karkata ga cewa ta ɓace da faɗuwar mutum, Jon Kalbin ya ce kufai ne ya rage. Atanasiyus na Iskandariya, a ƙarni na 4, ya kwatanta ta da hoton da aka zana a kan allon katako, datti ya rufe shi. Mai zane ba ya jefar da allon, sai dai a kira mai hoton ya dawo ya zauna a sabunta zanen a kan katakon farko. Haka ya fahimci zuwan Almasihu, wanda Kolosiyawa 1:15 ta kira siffar Allah marar ganuwa. Abin lura shi ne dokar hana kisa ta sura ta 9 ta zo ne bayan Kayinu ya kashe Habila, bayan duniya ta cika da mugunta. Mutanen da aka ce jininsu haram ne saboda siffar Allah masu zunubi ne irinmu.

Wanda ya fara bin wannan zare har ƙarshensa, Giregori ne, bishop na Nisa a ƙasar Turkiyya ta yau. Wajen 379 yana wa'azi a kan littafin Mai-Wa'azi sura ta 2, inda mai magana yake alfahari da bayin da ya saya. Giregori ya juya kan masu bayi da ke zaune a gabansa ya tambaye su nawa suka biya kuɗin siffar Allah, wa kuma ya ba su iznin sayar da wanda aka ba mulkin duniya. Ya ce ko duniya dukanta aka ɗora a ma'auni ba za ta kai farashin mutum guda ba. Ya tuna musu iska ɗaya suke shaƙa da bawan, ƙasa ɗaya za su koma. Kusan shi kaɗai ne a zamaninsa, sauran manyan malamai sun haƙura da bauta a matsayin sakamakon zunubi.

A Disambar 1511, a Santo Domingo, wani fada mai suna Antonio de Montesinos ya hau mumbari a gaban gwamna Diego, ɗan Kolumbus, ya tambayi Sifaniyawa ko 'yan asalin tsibirin da suke kashewa da aikin haƙar zinariya ba mutane ba ne. A 1537 Paparoma Bulus na III ya fitar da takardar da ta tabbatar cewa mutane ne na sosai, ba a bautar da su. Duk da haka a muhawarar Valladolid ta 1550, wani malami mai suna Sepulveda ya tsaya a kan cewa hankalinsu bai cika ba, don haka bayi ne bisa halitta. Ƙofar nan ce ta auna siffa da hankali, da aka bari a buɗe, ya bi. Abokin hamayyarsa Las Casas, wanda ake yabo da kare su, ya taɓa ba da shawarar a kawo bayi daga Afirka a madadinsu, daga baya ya rubuta nadamarsa. Masu cinikin bayi kuwa sun riƙe labarin Nuhu da 'ya'yansa suna cewa an la'anci baƙar fata, alhali la'anar a kan Kan'ana ta faɗa, babu kuma maganar launin fata ko kaɗan. Labarin yana cikin sura ta 9 ɗin nan, 'yan ayoyi ƙasa da inda aka haramta jinin mutum.

Abin bai tsaya a can baya ba. Wata babbar ikilisiya ta fararen fata a Afirka ta Kudu ta nemo wa wariyar launin fata hujja daga nassi, har sai da wata ikilisiyar ta fito da Shaidar Bangaskiya ta Belhar a 1986 ta ƙi wannan koyarwa. A Ruwanda a 1994, ƙasar da mafi yawan mutanenta Kiristoci ne, rediyo ya yi ta kiran Tutsi kyankyasai, aka kuma karkashe dubban mutane a cikin cocin Nyamata da na Ntarama. A 2017 Paparoma Francis ya nemi gafarar Allah saboda hannun 'ya'yan ikilisiya a ciki. Wasiƙar Yakubu, sura ta 3, ta tsawata wa harshen da ke yabon Ubangiji ya kuma zagi mutanen da aka yi cikin kamanninsa. Mu da muka ga Kaduna a 2000 da Jos a 2001 mun san yadda baki ke riga adda. Kiristan da ya fito daga sujada ya hau Facebook yana kiran wata ƙabila ko mabiya wani addini dabbobi ya taka wannan koyarwa, ko da an yi wa nasa mutanen zaluncin da ba a biya ba.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda gardamar kwana shida na halitta ta haɗiye duk wannan. Da an ce asalin mutum, sai a faɗa kan Darwin da littattafansa na 1859 da 1871. Kiristoci ba baki ɗaya suke ba a nan. Akwai masu bin lissafi irin na Bishop Ussher, wanda a 1650 ya sa halitta a shekara ta 4004 kafin Almasihu, kuma wani littafi da aka buga a Amurka a 1961 kan ruwan tufana ya farfaɗo da wannan matsayi. Cocin Katolika kuwa, tun daga wasiƙar Paparoma Pius na XII ta 1950, ta yarda a binciki ko jikin mutum ya fito daga wata halittar da ta gabace shi, muddin an riƙe cewa Allah ne ke halittar rai kai tsaye. Francis Collins, wanda ya jagoranci aikin karanta ƙwayoyin gadon ɗan Adam, Kirista ne mai karɓar ka'idar juyin halitta. Shi kuwa Agustin tun da daɗewa ya gargaɗi Kiristoci kada su yi ta faɗar shirme a kan al'amuran sama da ƙasa da sunan nassi a gaban waɗanda suka san abin. Ƙasusuwan kuma suna nan: ƙoƙon kan Tumai da aka tsinta a hamadar Jurab ta Chadi a 2001, mai kimanin shekara miliyan 7, da na Jabal Irhud a Maroko masu kimanin shekara 300,000. Ɗalibar da ta karanta wannan a ajin kimiyya ta zo da tambaya makarantar Lahadi ta cancanci amsa, ba tsawa ba. Nassin da ya ce daga turɓaya aka yi mu bai taɓa ɗora darajarmu a kan kayan da aka gina mu da su ba.

Inda wuyar take da gaske shi ne Romawa sura ta 5, inda Bulus ya rataya shigowar zunubi a kan mutum ɗaya, ceto ma a kan mutum ɗaya, alhali yawancin masana ƙwayoyin gado suna ganin kakannin bil'adama jama'a ce mai yawa. Wasiƙar 1950 ta ƙi amincewa da ra'ayin kakanni da yawa saboda wannan dalili. Wasu malaman Furotesta sun kawo shawarar cewa Allah ya zaɓi mutum biyu daga cikin jama'ar da ke raye ya ƙulla alkawari da su a madadin kowa. Shawarar tana warware wani ƙulli, amma tana da rami: sauran da ke kewaye da su fa, marasa siffa ne? A 1655 Isaac La Peyrère ya yi maganar mutanen da suka riga Adamu, kuma a ƙarni na 19 masu wariya a Amurka suka ɗauki irin wannan tunani suka ce baƙar fata ba jinin Adamu ba ne. Derek Kidner ya hango ramin a sharhinsa na Farawa na 1967, shi ya sa ya ce in haka abin ya faru, to Allah ya ba dukan mutanen zamanin Adamu siffar tasa, wakilcin Adamu kuma ya rufe su kamar yadda ya rufe 'ya'yan cikinsa.