Mai jiki ma ya hau keke, amma ba kan wilin 'yan gasa ba

Duk wanda ya fito da sassafe ranar Asabar a Abuja, ya bi titin Shehu Shagari ko ya miƙe titin filin jirgi ta Lugbe, zai ci karo da ayarin masu kekunan tsere. Abin da ya fi faranta mini rai a cikin ayarin nan shi ne magidanta masu jiki, 'yan shekara arba'in da hamsin, waɗanda likita ya yi wa kashedin hawan jini ko ciwon suga, gwiwa kuma ta hana su gudu da ƙafa. Keke ya fi komai dacewa da irinsu, domin sirdi ne ke ɗaukar nauyin, gaɓoɓi suna hutawa. Abin da ke damuna kuwa shi ne wilin da ake ɗora su a kai.

Yayin da ake yi yanzu shi ne wilin kabon mai faɗin rim, baƙi wuluk, da sifok ashirin a gaba, ashirin da huɗu a baya, wani ma sha shida da ashirin. Shi ake gani a gasar Tour de France, shi ne a hotunan Instagram, kuma shi ke zuwa a jikin kekunan gwanjo da ake shigowa da su daga Turai da Amurka. Ga wa aka ƙera shi? Ga 'yan gasa, waɗanda yawancinsu ke tsakanin kilo 60 zuwa 75, suna tuƙi a kan kwalta sumul, ga motar ƙungiya a bayansu ɗauke da wasu wililin. Kamfanoni sun daɗe suna rige-rigen rage nauyi, har sai da hukumar tseren keke ta duniya, UCI, ta kafa doka a shekarar 2000 cewa keken gasa kada ya gaza kilo 6.8. Mutumin Gwarinpa mai kilo 105 ba ya cikin wannan lissafi.

Kamfanonin ma ba su ɓoye ba. Kusan kowane wili na kirki yana da iyakar nauyin da aka rubuta masa, galibi tsakanin kilo 110 zuwa 130, kuma sau da yawa adadin ya haɗa mahayi da keken da gorar ruwa da duk abin da ya rataya. Mai kilo 105 da ya hau keke mai kilo 9 ya riga ya isa bakin iyaka tun bai taka feda ba. Mai sayarwa ba kasafai yake faɗin haka ba. Abin da zai ce shi ne, "Alhaji, ɗaga ka ji, ba nauyi." Gaskiya ne ba nauyi. Wilin kabon guda biyu za su yi wajen giram 1,400, na alminiyam masu sifok 32 kuwa wajen 1,900. Bambancin rabin kilo ne, nauyin ledar fiya-wata ɗaya, a cikin kilo 115 da ake turawa sama a hawan Asokoro. Bai kai rabin kashi ɗaya cikin ɗari ba.

Ya kamata a fahimci yadda sifok ke karyewa, domin a nan mutane da yawa ke ɗora wa kansu laifin da ba nasu ba. Wili yana tsaye ne saboda an ja kowane sifok an ɗaure shi tamau tsakanin hob da rim. Idan mutum ya hau, sifok ɗin da suka zo ƙasa, daidai inda taya ke taɓa kwalta, sukan ɗan saki, da sun wuce sai su koma yadda suke. Jobst Brandt, injiniyan da ya rubuta littafi sukutum kan wilin keke a 1981, ya yi bayanin wannan dalla-dalla. Zagayen taya ya ɗan haura mita biyu, wato a tafiyar kilomita 40 kowane sifok zai saki ya ɗaure kusan sau 19,000. Ƙarfe yana gajiya, kuma sifok a gwiwarsa yake tsinkewa, inda ya lanƙwasa ya shiga hob. Idan mahayi ya yi nauyi, sifok kuma suka yi kaɗan, kowane ɗaya yana shan wahala fiye da kima. Wilin baya ya fi shan ta, domin shi ke ɗauke da kusan kashi 60 cikin ɗari na nauyi, sannan saboda wurin da giya ta cinye a dama, sifok ɗin hagu ɗaurinsu bai wuce rabi da ɗan wani abu na na dama ba. Su ke fara saki gaba ɗaya, noti ya warware, wili ya fara rawa.

Sai kuma hanyar da muke bi. Tsakiyar Abuja tana da titi mai kyau, ba musu. Amma wa ke tsayawa a Maitama kaɗai? Da an nufi Bwari ko Karu ko cikin Kubwa, ga ramuka, ga tudun rage gudu da ba a shafa wa fenti ba, ga mahaɗar gada, ga bakin magudanan ruwa da ɓarayi suka kwashe murafunsu. Da damina ruwa ya rufe rami, sai ka faɗa ka sani. Wili mai sifok 32 idan ɗaya ya tsinke, ɗan karkacewa zai yi, ka sassauta birki ka lallaɓa gida. Mai 20 kuwa yakan karkace har taya ta riƙa gogar jikin keke, sai neman mota. Daga nan a shiga neman irin sifok ɗinsa, wanda sau da yawa na kamfanin ne shi kaɗai, sai an yi odarsa da dala an jira makonni. A cikin makonnin nan ne keke ke komawa bayan ƙofa, mai shi ya ce ai dama jikinsa ya fi ƙarfin keke. Wannan maganar ce ke ci mini rai, domin ba gaskiya ba ce, kuma lafiyar mutum ce ake asara.

Mu da muka tashi a Arewa bai kamata a koya mana wannan ba. Raleigh da Phoenix sun ɗauki buhun masara da jarkokin ruwa da magidanci da ɗansa a kan kariya, a hanyar burji, shekara da shekaru. Tsohon tsarin kekunan Ingila shi ne sifok 32 a gaba, 40 a baya, domin maƙeransu sun san inda nauyi yake zama. Ba ina cewa a koma wa rim ɗin ƙarfe ba ne, ya yi nauyi kuma birkinsa ba ya kamawa cikin ruwa. Hikimar dai ita ce ba ta tsufa ba.

Ban ƙi kabon don kansa ba. Rim ɗin kabon na kamfani mai suna yana da ƙarfi ƙwarai, wani ma ya fi alminiyam tauri. Matsalar ita ce na gwanjo yana iya ɓoye tsaga da ido ba ya gani, kuma alminiyam lotsawa yake ya yi maka gargaɗi, kabon kuwa fashewa yake. Wanda birkinsa ke kama rim yana ɗaukar zafi a gangara irin ta Mpape, nauyin mahayi kuma ƙara zafin yake. Sababbin da ba su da leɓen riƙe taya an ƙayyade musu iska kada ta wuce ma'aunin bar 5, wato wajen 72 a ma'aunin famfo, alhali mai jiki a kan siririyar taya yana bukatar fiye da haka. Masu bukatar kayan kabon na gaske suna nan a filin tseren keke na babban filin wasa na Moshood Abiola, wanda aka gina don wasannin Afirka na 2003. A Olamfik ɗin Paris na 2024 sai da Ese Ukpeseraye ta ari keke a wurin tawagar Jamus kafin ta shiga gasar fili da sunan Najeriya. Can ya kamata kuɗin kabon ya tafi.

Ga mai kilo 95 zuwa sama, ra'ayina a fili yake. Ya nemi rim ɗin alminiyam mai bango biyu, mai ɗan zurfi, sifok 32 a baya ko 36 idan ya haura 115, a saƙa su kowane ya gitta uku. Sifok ɗin su zama irin masu siririn tsakiya na DT Swiss ko Sapim, domin ɗan miƙewar da suke yi ita ke kare gwiwar daga gajiya. Notin ya zama na tagulla, na alminiyam gumi da ruwan damina suna cinye shi ya kafe. Hob irin na Shimano mai boris a warwatse, wanda duk mai gyaran keke zai buɗe ya wanke ya sa giris. Taya kuma mafi faɗin da jikin keken zai karɓa, milimita 28 ko 32, maimakon 23 da aka saba, domin iskar da ke cikin taya ita ce ta farko da ke tare rami kafin ya isa rim.

Duk da haka, kayan kirki a hannun da bai iya ɗauri ba aikin banza ne, kuma a nan ne muke da giɓi. Masu gyaran kekenmu sun iya miƙar da wili da ido, amma wili yana iya miƙewa sambal alhali wani sifok ya ɗaure kamar zai tsinke, maƙwabcinsa kuma sakwaf. Abin da ake so shi ne ɗauri ya daidaita, wajen kilo 110 zuwa 120 a ɓangaren giya, sannan a matse sifok bibbiyu da hannu su zauna kafin a ba mai shi. Na'urar auna ɗaurin ba ta kai kuɗin tayoyin tsere biyu masu kyau ba. Ƙungiyoyin masu keke na Abuja da ke iya ɗinka riguna iri ɗaya za su iya haɗa kuɗi su saya wa makanikin da ke yi musu aiki ita, da matsayin miƙar da wili, su biya shi kuɗin yini guda a kan wili ɗaya ba tare da ciniki ba, kuma duk wanda aka saƙa wa sabo ya dawo da shi a sake aunawa bayan makonni biyun farko.