Jinjina ga Gwanayen Dara na Tambuwal da Kebbe

Tun kafin wasannin yaƙi na waya da kwamfuta su iso kudancin Jihar Sakkwato, mutanen Tambuwal da Kebbe suna da fagen gwada dabara, wato dara, wadda ake haƙa wa gurabe 30 a ƙasa, kowane ɗan wasa ya riƙe 'ya'ya 12, ko tsakuwa ko tsinke. Wanda ya jera uku a layi ɗaya shi ke cin ɗan abokin karawarsa, amma jera huɗu ba ya ci, ƙa'idar da ke tilasta wa gwani haƙuri da hangen nesa. Dattawan da suka riƙe wannan wasa sun cancanci yabo, domin a inuwar bishiya suke koya wa matasa lissafi ba tare da karɓar ko sisi ba. Ya kamata makarantun yankin su riƙa gayyatarsu.