Wa ke magana? Nazarin muryoyi cikin jawabin Enoch Powell na 1968

0. Gabatarwa

Tambayar da muke son dubawa cikin wannan maƙala ita ce: idan mai magana ya ɗauko kalaman wani ya maimaita su gaban jama'a, alhakinsu yana wuyan wa? Mun zaɓi jawabin da Enoch Powell ya yi a Birmingam ranar 20 ga Afrilu 1968, domin har bayan mutuwarsa masu kare shi suna kafa hujja da cewa kalaman da suka fi zafi a ciki ba nasa ba ne, ruwaito su kawai ya yi. Za mu nuna cewa ginin jawabin da kansa ya rushe wannan hujja.

1. Mutumin da aikinsa

An haifi Powell a Birmingam a 1912, ya rasu a 1998. Masanin harshe ne kafin ya zama ɗan siyasa. Ya yi karatu a Kembirij, ya zama farfesan girkanci a jami'ar Sidni yana da shekara 25, kuma a 1938 ya wallafa ƙamus na kalmomin Herodot. Lokacin yaƙin duniya na biyu ya shiga soja a matsayin kurtu, ya fito da muƙamin birgediya, ya kuma koyi urdanci. Daga 1950 zuwa 1974 ya wakilci wani yanki na Wulbahamton a majalisa ƙarƙashin jam'iyyar ƴan mazan jiya. Ya riƙe ƙaramin muƙami a ma'aikatar kuɗi, ya ajiye shi a 1958 bisa saɓani kan kuɗin da gwamnati ke kashewa. Daga 1960 zuwa 1963 shi ne ministan kiwon lafiya, inda ya fito da shirin gina asibitoci na 1962. Wannan tarihi ya ishe mu shaida cewa mutumin ya san nauyin kowace kalma da ya furta.

2. Ma'aunin nazari

Oswald Ducrot, cikin littafinsa Le dire et le dit na 1984, ya bambanta mai furuci da muryoyin da yake shigowa da su cikin furucinsa. Mutum ɗaya ke buɗe baki, amma ana iya jin muryoyi da dama, kuma aikin mai nazari shi ne gano wadda mai furuci ya jingina da ita. Hausa ta sauƙaƙa mana wannan aiki. Idan muka ce "wai ya tafi", mun nisanta kanmu da labarin. Idan muka ce "an ce ya tafi", mun ɓoye mai faɗa. Idan muka ce "ya tafi, in ji wane", mun kama suna. Idan kuwa muka ƙara da "kuma wane ba ya ƙarya", to mun sa hannu a maganar, ta zama tamu.

3. Muryoyi uku

Powell ya yi jawabin ne don sukar dokar hana wariyar launin fata da gwamnatin Leba ta kai majalisa, da kuma yawan baƙin da ke shigowa daga ƙasashen renon Ingila. Da bakinsa ya kawo alƙaluma. Abin da ke tada hankali kuwa ya rarraba shi ga wasu.

Murya ta farko ta wani ma'aikaci ce daga mazaɓarsa, wanda ba a faɗi sunansa ba. Shi ne ya ce nan da shekara 15 ko 20 baƙar fata zai riƙe bulala a kan farar fata. Powell bai tsaya ga ruwaitowa ba. Ya siffanta mutumin da cewa mutumin kirki ne, Ba'ingile irin na kowa, sannan ya ce shi ba shi da ikon yin shiru kan abin da aka gaya masa. Ke nan ya yi amfani da siga ta huɗu da muka ambata a sama: ya kama mai faɗa, ya wanke shi, ya mai da maimaitawar wajibi.

Murya ta biyu wasiƙa ce da wata mata ta aiko daga arewacin Ingila, tana ba da labarin wata tsohuwa a Wulbahamton wadda ta rage ita kaɗai farar fata a layinsu, ana zuba mata ƙazanta ta ƙofa, yara suna bin ta da tsokana. A nan ne kalmar ƙasƙanci ga ƴaƴan baƙar fata ta fito. Mu lura da tsanin: Powell yana karanta abin da mai wasiƙa ta rubuta game da abin da ya sami wata ta uku, kuma ba sunan ko ɗaya. Ƴan jarida sun nemi tsohuwar a lokacin ba su same ta ba, shi kuma ya ƙi bayyana ta. Mai sauraro ba shi da hanyar tantancewa, amma hoton ya riga ya zauna a ransa.

Murya ta uku ta Birjil ce. Cikin littafi na shida na Eneyid, bokanya Sibil ta hango yaƙe-yaƙe da kogin Tibar cike da jini. Powell ya aro wannan hange ya rufe jawabinsa da shi, daga nan aka laƙaba wa jawabin sunan "kogunan jini", ko da yake waɗannan kalmomi ba su zo haka a ciki ba. Abin da bai faɗa ba shi ne sauran labarin. Waɗanda aka yi wa wannan duba baƙi ne, ƴan gudun hijira daga Turoya ƙarƙashin Eniyas, kuma ƙarshen al'amarinsu shi ne cuɗanya da ƴan ƙasa, wadda daga gare ta Rum ta samo asali. Farfesan da ya ƙware kan adabin Girka da Rum ba zai rasa sanin wannan ba. Ya yanki jinin ya bar sulhun.

Akwai kuma bambanci tsakanin alƙaluman da duban. Alƙaluman suna da ranar cika: ya yi hasashen miliyan 5 zuwa 7 a shekarar 2000, ƙidayar 2001 kuwa ta ba da miliyan 4.6 na waɗanda ba farar fata ba. Ana iya auna wannan, a yarda ko a ƙi. Duban jini ba shi da rana, don haka ba ya taɓa ƙaryatuwa, kuma kowace tarzoma, kamar ta Birikston a 1981, sai a ce ga shi ya fara cika.

4. Powell na 1959 a matsayin alƙali

Ba mu buƙatar ma'auni daga waje don yanke hukunci. A watan Maris 1959 an kashe fursunoni 11 ƴan Mau Mau da duka a sansanin Hola na Kenya, hukuma kuma ta fara danganta mutuwarsu da ruwan da suka sha. A watan Yuli Powell ya miƙe a majalisa, jam'iyyarsa na kan mulki, ya bi takardun hukuma ɗaya bayan ɗaya yana neman wanda ya tsara da wanda ya amince. Ya ƙi yarda a kira mamatan ƙasa da mutane, ya kuma ƙi yarda a ce akwai ma'aunin adalci na Afirka dabam da na Ingila. Gaskiya ne ya wanke ministan ƙasashen reno, Alan Lennox-Boyd, amma jigon jawabin shi ne cewa kowane aiki yana da mai shi. Mutumin da ya ƙi karɓar "an ce" daga hukuma a 1959 shi ne ya gina jawabi a kan "an ce" bayan shekara tara.

5. Kammalawa

Washegarin jawabin Edward Heath ya cire Powell daga cikin jagororin jam'iyya a majalisa, kuma bai sake riƙe muƙamin minista ba. Ma'aikatan tashar jiragen ruwa ta Landan sun yi zanga-zangar goyon bayansa, dokar da ya soka ta wuce a wannan shekara, shi kuma ya bar jam'iyyar a 1974 ya koma wakiltar wani yanki na Ailan ta Arewa har 1987. Magoya bayansa da masu adawa da shi sun haɗu a kan abu ɗaya: duka sun ji kalaman a matsayin nasa. A ganinmu sun ji daidai, domin wanda ya zaɓi muryoyi, ya jera su, ya ba da shaidar gaskiyarsu, shi ke da maganar. Muna ba ɗalibai shawara su gwada wannan ma'auni kan jawaban siyasa cikin hausa, su ƙirga "wai" da "an ce" da "in ji", sannan su duba abin da mai furuci ya faɗa game da wanda ya ɗauko maganarsa.