Muhawara da Gardama

Tun dā Hausawa sun raba muhawara da gardama. Mai muhawara gaskiya ya ke nema, ko daga bakin wa ta fito. Mai gardama kuwa rinjaye ya ke so, ko da ƙarya ce za ta ba shi. Jayayyar da a ke yi yanzu a intanet, inda mutum kan kwana yana sa-in-sa da wanda bai taɓa gani ba, ya kamata a ɗora ta bisa wannan ma'auni.

Akwai abin koyi a tarihin ƙasar nan. Bayan da mayaƙan jihadi suka ci Birnin Gazargamu a 1808, sai Shehu Muhammadu El-Kanemi ya riƙa aika wa shugabanninsu takardu, yana neman dalilin yaƙar Barno. Hujjarsa ita ce mutanen Barno suna salla, suna azumi, suna fid da zakka, saɓo kuwa ba ya mai da Musulmi kafiri. Muhammadu Bello ya amsa da cewa Barno ta taimaki sarakunan Hausa a kan jama'ar Shehu Usmanu. Ba su daidaita ba, takardun kuma ba su hana yaƙi ba. Amma da Bello ya wallafa Infaƙul Maisuri a 1812, sai ya sa maganar abokin jayayyarsa a ciki, sa'an nan ya biyo da tasa. Sabo da haka har yau mai karatu yana iya auna hujjojin nan biyu da kansa.

To, amfanin muhawara ke nan. Da wuya mutum ya sallama a gaban jama'a, ko da an kā da shi. Masu sauraro su ne ke ƙaruwa, in dai an kawo musu maganar kowane ɓangare ba ragi.

Nan ne jayayyar intanet ta gaza. Takardar El-Kanemi sai ta yi kwanaki a hanya, kafin a ba da amsa zuciya ta huce. Yanzu kuwa tun mutum bai gama karantawa ba ya mai da martani. Har wa yau masu dandalin da talla su ke samun kuɗi, watau ribarsu ita ce mutane su daɗe suna dubawa, faɗa kuwa shi ke tara 'yan kallo. Takardun kamfanin Facebook da suka fito fili a 2021 sun nuna cewa a 2017 an ba alamun motsin rai, har da ta fushi, maki biyar, alhali ta "ina so" maki ɗaya ne. Daga baya aka janye makin fushin. A irin wannan kasuwa zagi ya kan riga hujja isa nesa. Magana kuwa zarar bunu ce: 'yan'uwa nawa suka daina gaisawa sabo da layi biyu da aka rubuta cikin fushi?

Ba a ce a bar jayayya ba, gama da ita ilmi ke gaba. Amma kafin mutum ya ba da amsa, sai ya gwada faɗin hujjar abokin jayayyarsa, yadda shi mai ita zai ce, "I, haka na ke nufi." In ya iya, muhawara ya ke yi. In ya kasa, shiru ya fi masa alheri. Allah ya sa a dace.